Wa Ya Kulle wa Masu Lamba 10 Ƙofa?

Ranar 3 ga Mayun 2025, a filin wasa na Aviva da ke Dublin, ƙungiyar Northampton ta Ingila ta doke Leinster ta Ireland da maki 37 da 34, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na ƙwallon zari-ruga. Samari biyu ne suka ja ragamar ƙungiyoyin a ranar, kowannensu ɗan shekara 22, kowannensu sanye da riga mai lamba 10: Fin Smith na Northampton da Sam Prendergast na Leinster. Bayan kwana biyar aka sanar da sunayen tawagar Lions, wadda ake haɗawa duk shekara huɗu daga zaratan Ingila da Ireland da Scotland da Wales, domin tafiya Ostireliya. Sunan Smith ya fito, na Prendergast bai fito ba. Nan take masu sharhi suka yanke hukunci cewa an rarrabe gwani da na baya.

Irin wannan hukunci yana da daɗin ji a teburin mai shayi, amma ba ya gaya wa kowa inda samarin nan za su kasance nan da shekara biyar, ko nawa za su tara kafin gwiwoyinsu su ce sun gaji. Mai son sanin wannan sai ya ajiye faifan bidiyon wasanni, ya ɗauko dokokin hukumomin zari-ruga na ƙasashensu. A can zai tarar da wata doka da Ingila da Ireland da New Zealand suke riƙe da ita: duk ɗan wasan da ya sanya hannu a ƙungiyar wata ƙasa, ya yi ban kwana da rigar ƙasarsa. Ana tallata dokar da sunan kishin ƙasa. Aikin da take yi a zahiri shi ne danne farashin ɗan wasa, kuma babu wanda take yi wa illa kamar saurayin da yake sanye da lamba 10.

Abin da ya bambanta lamba 10

A zari-ruga kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15. Takwas na gaba su ne ƙarfafa masu kokawar ƙwato ƙwallo, bakwai na baya su ne masu gudu da ita. Mai lamba 9 ne yake zaro ƙwallo daga cikin turmutsitsin, ya miƙa wa mai lamba 10, wanda a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu zai zaɓi abin yi: ya wurga wa na gefensa, ya ruga da kansa, ko ya buga ta da ƙafa zuwa yankin abokan hamayya. A yawancin ƙungiyoyi shi ne kuma yake buga ƙwallo tsakanin sanduna, inda ake samun maki biyu ko uku, kuma sau da yawa a kan waɗannan 'yan makin ake rabuwa. Shi ne madugun ayari. In tafiya ta yi kyau a yabe shi, in ta ɓaci shi ake fara nunawa da yatsa.

Abu biyu ne suka sa matsayinsa ya zama na daban a kasuwar 'yan wasa. Na farko, rigar ɗaya ce tak. Ƙasa tana buƙatar 'yan gefe biyu da 'yan tsakiya biyu, amma ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma koci ba ya son sauya madugu a kowane wasa. Na biyu, sana'ar ba ta nuna da wuri. Johnny Sexton bai fara buga wa Ireland ba sai a 2009, yana da shekara 24, kuma yana da 33 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan duniya a 2018. Dan Carter ya jagoranci New Zealand ta ci wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2015 yana da 33. Finn Russell na Scotland, wanda ya fara rayuwa yana koyon aikin sassaƙar dutse, shi ya riƙe lamba 10 a duka manyan wasanni uku na Lions a 2025, yana da 32. Ke nan saurayi mai shekara 22 yana iya zama a bayan wani har shekara bakwai ko takwas kafin lokacinsa ya yi, alhali waɗannan shekarun su ne rabin duk abin da jikinsa zai iya bayarwa.

Kulle biyu a ƙofa ɗaya

Mai bin ƙwallon ƙafa zai yi mamakin yadda lamarin yake. A ce hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta shelanta cewa duk wanda ya bar gasar cikin gida ya tafi Turai ba zai ƙara saka rigar Super Eagles ba, da dariya za a yi. A zari-ruga kuwa wannan ce doka a Ingila tun bayan Kofin Duniya na 2011, sai dai in an ga wani dalili na musamman. New Zealand ta daɗe a kanta. Ireland ba ta rubuta ta a matsayin doka ba, amma haka take aiki, kuma tun bayan Sexton, wanda aka ci gaba da kira lokacin da yake Racing ta Faransa daga 2013 zuwa 2015, ba ta sake yi wa wani irin wannan alfarma ba.

Wannan kulle ɗaya ke nan. Na biyu daga hukumar zari-ruga ta duniya yake: wanda ya buga wa babbar tawagar wata ƙasa ko da sau ɗaya ne ya zama nata. Sai daga 2022 aka yarda ya sauya, da sharaɗin ya shekara uku bai buga wa ta farkon ba, kuma ya kasance shi ko iyayensa ko kakanninsa haifaffun sabuwar ƙasar ne. Saboda haka koci yana iya shigar da yaro minti goma a ƙarshen wasa, ya ɗaure shi, sannan ya manta da shi. Yaron ba zai iya komawa wata ƙasa ba, kuma in ya nemi albashi a ƙetare ya rasa wadda yake da ita.

A Ingila akwai kuma iyakar albashi. An rage abin da kowace ƙungiya ta gasar Premiership za ta kashe a kan 'yan wasa daga fam miliyan 6.4 zuwa miliyan 5 a 2021, aka mayar da shi 6.4 a 2024, kuma ɗan wasa ɗaya kaɗai ake yarda a cire albashinsa daga lissafin. A Faransa iyakar ta haura yuro miliyan 10. Duk wakilin ɗan wasa ya san bambancin, haka ma duk shugaban ƙungiyar Ingila ya san cewa saurayin da yake zaune a gabansa ba zai iya karɓar tayin Faransa ba sai ya yar da burinsa na ƙuruciya. Ciniki irin wannan, tun kafin a zauna an san wanda zai sassauta.

Smith biyu, riga ɗaya

Labarin Fin Smith ya isa misali. Yana da shekara 20 lokacin da ƙungiyarsa Worcester ta durƙushe saboda bashi, kotu ta rushe kamfanin da yake biyan 'yan wasa a Oktoban 2022, kwantiraginsa ya zama takardar banza. A kakar wasa ɗaya Wasps da London Irish suka bi sahu, gasar ta ragu daga ƙungiya 13 zuwa 10. Shi ya yi sa'a. Northampton ta ɗauke shi a daidai lokacin da Dan Biggar yake shirin tafiya Toulon, sai ya tarar da rigar babu mai ita. A 2024 ya ci gasar Premiership da ita, bayan sun doke Bath 25 da 21. Iyayensa 'yan Scotland ne, kakansa Tom Elliot ya buga wa Scotland, amma ya zaɓi Ingila, ya fara buga mata a 2024, ƙofar Scotland ta rufe. A Fabrairun 2025 aka ba shi lamba 10 a karawa da Faransa, ya buga ƙwallon ƙarshe da ta ba Ingila nasara 26 da 25. Natsuwa ce jarinsa: ba ya gaggawa, yana tare abokin hamayya ba tare da tsoro ba, kuma yana sa na kusa da shi su yi kyau.

Wanda ya matsa masa shi ne Marcus Smith na Harlequins. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba su da dangantaka. Marcus, haifaffen Manila a 1999, ya fara buga wa Harlequins yana da 18, ya ci gasar da ita a 2021 a wasan da suka doke Exeter 40 da 38, kuma a watan Yulin wannan shekarar ya fara buga wa Ingila, aka kuma kira shi tawagar Lions. Babu mai lamba 10 a Ingila da ya kai shi iya zille wa masu tsaro. A 2023 ya sabunta kwantiraginsa da Harlequins, duk da rahotannin cewa Racing 92 tana zawarcinsa. A Nuwamban 2024 shi ne ya fi kowa haskawa a tawagar Ingila. Bayan wata uku aka mayar da shi lamba 15, mai tsaron baya, domin a ba Fin wuri.

Daga nan kuma sai George Ford, haifaffen 1993, wanda ya cika wasa 100 a rigar Ingila a Yulin 2025 lokacin da samarin biyu suke Ostireliya. Da aka dawo, shi koci Steve Borthwick ya ba lamba 10 a karawa da New Zealand a Nuwamba, Ingila ta ci 33 da 19. A cikin shekara guda mutum uku sun saka rigar, kowannensu an taɓa cewa shi ne mai ita.

Babu laifin koci a nan, aikinsa ne ya zaɓi wanda yake ganin zai ci masa wasa. Laifin yana ga tsarin da ya ce dole duka ukun su zauna a gida suna jiran kira. Gaskiya ne hukumar Ingila ta fito da kwantiragi na musamman a 2024 ga 'yan wasa da ba su wuce 25 ba, wanda rahotanni suka ce ya kai kimanin fam dubu 160 a shekara, kuma duka ukun suna cikin 17 na farko da aka ba. Amma koci ne yake zaɓen masu samu, shi ne kuma yake iya ƙin sabuntawa. Ɗan wasa yana ba da shekarun da ba za su dawo ba, ana biyansa da alkawarin da ake iya janyewa.

Wanda yake shakkar inda tausayin hukumar ya tsaya, ya dubi Jack Willis da Henry Arundell. Ba masu lamba 10 ba ne, amma darasin ɗaya ne. Wasps ta mutu ta bar Willis babu aiki, Toulouse ta ɗauke shi. London Irish ta mutu, Arundell ya tafi Racing 92. An bar su sun buga Kofin Duniya na 2023, daga nan da suka zaɓi zama a inda aka rufa musu asiri, sai aka daina kiransu. Willis ya ci kofin Faransa da na Turai da Toulouse, Ingila ta yi kamar ba ta gani ba. Arundell sai da ya dawo Bath a 2025 kafin a sake tuna sunansa.

Ireland: keji mai kyau

A Ireland lamarin ya fi tsari, ya kuma fi matsi. Ƙungiyoyi huɗu ne kacal, Leinster da Munster da Ulster da Connacht, duka a ƙarƙashin hukumar ƙasa, wadda take biyan manyan 'yan wasa kai tsaye, take kuma ƙayyade yawan wasannin da za su buga. Dokar harajin ƙasar ma tana mayar wa ɗan wasa wani kaso na harajin da ya biya idan ya yi ritaya. Babu inda ake kula da jikin ɗan wasa kamar can. Amma mai saye ɗaya ne a kasuwar, kuma rigunan lamba 10 huɗu ne.

Da Sexton ya yi ritaya a 2023, Jack Crowley na Munster, haifaffen 2000, ya gaje shi. Shi ne ya buga ƙwallon da ta fitar da Leinster a wasan kusa da na ƙarshe na gasar URC a 2023, kafin Munster ta ɗauki kofin. A Gasar Ƙasashe Shida ta 2024 bai fita daga fili ko na minti ɗaya ba, Ireland ta zama zakara. Kafin shekarar ta ƙare an ɗora Prendergast a kansa. Prendergast dogo ne mai hannu da ƙafa na ban mamaki, yana wurga ƙwallo a makare har sai mai tsaro ya riga ya yanke shawara, yana kuma buga ta da nisan da ba kowa ke iyawa ba. Rauninsa a fili yake: ba ya son tare masu ƙarfi, kuma abokan hamayya sun gane. Shi ya fara wasanni huɗu na farko a gasar 2025, har Faransa ta zo Dublin ta ci 42 da 27, sai aka dawo da Crowley a wasan ƙarshe. Yaron da aka ɗaga sama a watan Fabrairu, a watan Mayu ana yi masa ba'a a kafofin sada zumunta. A watan Yuni kuma ya jagoranci Leinster ta doke Bulls 32 da 7 ta ci gasar URC, masu ba'ar suka yi shiru na ɗan lokaci.

A tsakiyar wannan rikici ne aka ruwaito cewa Leicester ta Ingila ta yi wa Crowley tayi mai tsoka. Ya ƙi, ya sanya hannu a Munster na shekara biyu. An yaba masa da kishin gida, kuma mai yiwuwa haka zuciyarsa take. Sai dai zaɓin da aka ba shi shi ne ya karɓi kuɗin ya rasa Ireland, ko ya zauna ya yi takara da wanda ya girme wa da shekara uku, wanda kuma masu horarwa suka riga suka nuna suna so. A bayansu akwai Ciarán Frawley, wanda bugunsa biyu a mintocin ƙarshe suka ba Ireland nasara 25 da 24 a kan Afirka ta Kudu a Durban a Yulin 2024, amma ko a Leinster bai samu tabbacin rigar ba. Joey Carbery, wanda aka taɓa kira magajin Sexton, ya haƙura ya tafi Bordeaux a 2024. Ross Byrne ya tafi Gloucester a 2025. Duk wanda ya fita, an share sunansa.

Inda ƙofa take a buɗe

Sacha Feinberg-Mngomezulu na Stormers ta birnin Cape Town sa'an Fin Smith ne, haifaffen 2002. Ya fara buga wa Afirka ta Kudu a Yunin 2024, bayan wata biyu ya riƙe lamba 10 a wasan da suka doke New Zealand 31 da 27 a Johannesburg. A Satumban 2025 ya ci maki 37 shi kaɗai a kan Ajantina a Durban, ya karya tarihin maki 35 da Percy Montgomery ya kafa a 2007. Yana da gudun Marcus, yana da ƙafar Prendergast, yana kuma da jikin da zai iya tsayawa a tsakiya ko a baya. In batun baiwa ake yi, da wuya a samu wanda ya fi shi a cikin sa'o'insa.

Amma abin da ya fi ba shi fifiko a teburin ciniki wani hukunci ne da hukumar ƙasarsa ta yanke a 2019, lokacin yana ɗan makaranta: ta soke sharaɗin cewa mai wasa a ƙetare sai ya buga wa ƙasa sau 30 kafin a kira shi. Kuɗin rand ba zai iya gogayya da yuro ko yen ba, sai hukumar ta daina yaƙin da ba za ta ci ba, ta koma ƙara wa waɗanda take son riƙewa kuɗi a kan albashin ƙungiyoyinsu. An yi hasashen tawagar za ta watse. Ta ci Kofin Duniya a 2019, ta sake ci a 2023, kuma duka maki 12 da ta doke New Zealand da su a wasan ƙarshe na 2023 daga ƙafar Handré Pollard suka fito, wanda a lokacin Leicester ce take biyansa albashi. A 2025 Pollard ya dawo Bulls da kansa, Manie Libbok ya tafi Japan, kuma ba a daina kiran ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan Feinberg-Mngomezulu ya zauna a Cape Town, don an gamsar da shi ne. Idan ya tafi, rigarsa tana nan.

A ɗaya gefen a dubi New Zealand. Richie Mo'unga, wanda ya riƙe mata lamba 10 a wancan wasan ƙarshe, ya tafi Toshiba ta Japan yana da 29, a ganiyar ƙarfinsa. Ya ci gasar Japan sau biyu a jere, ƙasarsa tana kallo daga nesa tana laluben madadinsa, har sai da aka sanar cewa zai dawo gida a 2026. Dokar ta hukunta shi, ta kuma hukunta masu ita.

Darasin Carter Gordon

Mafi munin misali daga Ostireliya yake. A 2023 koci Eddie Jones ya bar gogaggu irin su Quade Cooper da Bernard Foley a gida, ya tafi Kofin Duniya da Carter Gordon, ɗan shekara 22 da bai fi 'yan wasanni ba a rigar ƙasa. Fiji ta ci su 22 da 15, aka cire shi ana tsakiyar wasa, aka ajiye shi a benci a karawa da Wales, inda aka lallasa su 40 da 6. Karo na farko a tarihi Ostireliya ta fita tun a matakin rukuni. Jones ya ajiye aiki, ya samu wani a Japan. Gordon ya koma ƙungiyarsa Melbourne Rebels, ita ma bashi ya cinye ta, aka rufe ta a 2024. Sai ya bar wasan gaba ɗaya, ya koma ɗaya nau'in zari-ruga mai 'yan wasa 13, a ƙungiyar Gold Coast Titans. A 2025, da Ostireliya ta rasa mai riƙe mata lamba 10, ta je ta dawo da shi. Wanda ya ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa ya wuce abinsa, yaron ne ya kwana da ciwon wuya.

Hujjar masu kare dokar

Masu kare dokar ba wawaye ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa in aka buɗe ƙofa taurari za su kwashe zuwa Faransa da Japan, 'yan kallo su daina zuwa, gidajen talabijin su rage kuɗi, ƙungiyoyin da suka rage su bi Worcester. Suna cewa koci yana buƙatar 'yan wasansa a sansani a makonnin da dokar duniya ba ta tilasta wa ƙungiyoyin ƙetare su sake su ba. Suna kuma nuna Ireland, ƙaramar ƙasa da ta hau matsayi na ɗaya a duniya da wannan tsari. Ita ma Afirka ta Kudu ta biya farashi, domin ƙungiyoyinta na gida sukan rasa manyan 'yan wasansu.

Sai dai tsoron kwashewar ya wuce gona da iri, musamman a lamba 10. Ƙungiyoyi 14 ne a babbar gasar Faransa, kuma doka ta wajabta musu su riƙa fito da aƙalla 'yan wasa 16 cikin 23, a matsakaicin lissafi, daga waɗanda aka horar a Faransa. Toulouse tana da Romain Ntamack, Bordeaux tana da Matthieu Jalibert. Guraben da suka rage ba su da yawa, ba za su iya haɗiye samarin Ingila da Ireland duka ba. Batun sansani kuwa shawara ce ta koci: in mai wasa a Faransa ba zai samu isasshen atisaye ba, kada a zaɓe shi saboda wannan dalili, ba sai an kafa masa dokar haramci ba. Kuma dokar tana nan daram lokacin da ƙungiyoyin Ingila uku suka mutu a kaka ɗaya. Rashin iya tattalin kuɗi ne ya kashe su, kuma babu mai ƙungiya ko ɗaya da aka haramta wa wani abu makamancin abin da aka haramta wa Willis.

Wales ce ta tona asirin lamarin. Dokarta ta ce sai ɗan wasa ya buga sau 60 kafin ya fita ya ci gaba da saka riga. A Fabrairun 2023 'yan wasa suka yi barazanar ƙin buga wasa da Ingila, cikin 'yan kwanaki adadin ya sauko zuwa 25. Abin da ake ragewa da fiye da rabi saboda barazanar yajin aiki, farashi ne na ciniki, ko da an lulluɓe shi da tutar ƙasa.

Ladan kuturu

In aka jera samarin bisa abin da makoma ta tanadar musu, Feinberg-Mngomezulu ne a gaba, domin shi kaɗai ne zai iya sauraron kowane tayi ba tare da ya yi asarar komai ba. Fin Smith da Prendergast suna biye, muddin suna da yardar koci, kuma shekarar 2025 ta nuna wa kowannensu cewa yardar ba ta da tabbas. Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne Marcus Smith da Crowley: sun isa su jagoranci kusan kowace ƙungiya a Turai, shekarunsu sun kai na neman babban kwantiragin rayuwa, amma a 2025 an riƙe su a matsayin abin ajiya don ranar da na farko zai ji rauni.

Gyaran ba mai wahala ba ne. Hukumar da take son ɗan wasa ya zauna a gida ta ba shi kwantiragi mai tsawo da ba ya rushewa don koci ya sauya ra'ayi ko ƙungiya ta karye. Wanda ba ta ba irin wannan ba, ta sake shi ya nemi abincinsa, ta kuma kira shi in ya cancanta. Wanda ƙungiyarsa ta mutu a ƙarƙashinsa, kada a sake tambayarsa inda ya samu mafaka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma hukumomin nan sun daɗe suna cin ladan biyayyar samarin. Kofin Duniya na gaba a Ostireliya za a yi shi a 2027. Ingila za ta fito da mutum ɗaya a lamba 10, Ireland ma haka, sauran kuma za su zauna a benci ko a gida, sun ƙara shekara biyu a kan shekarun da aka hana su sayarwa.